Tsofaffin Motocin Yaƙi a Matsayin Kayan Tarihi: Waiwaye Daga Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa Bahaushe bai yi sakaci da kayan yaƙin kakanninsa ba. Ana iya ganin sulke da lifidi da takubba da masu a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, da Gidan Makama na Kano. Amma motocin da aka yi yaƙe-yaƙen ƙarni na ashirin da su ba su sami irin wannan gata ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano irin waɗannan motoci a farfaɗo da su, da dalilin da ya sa suke ɓacewa a ƙasar Hausa, tare da ɗaukar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, a matsayin misali.

2.0 Asalin Al'adar

Yaƙin Duniya na Biyu (1939–1945), wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, shi ne ya cika duniya da motocin soja. Alal misali, kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera jif fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945. Da yaƙi ya ƙare, sai aka yi gwanjon da yawa daga cikinsu ga manoma da 'yan kasuwa. Bayan da suka yi ƙaranci ne masu sha'awa a Turai da Amurka suka shiga farautarsu a gonaki da tafkuna da hamada. A shekarar 2000, an jawo wata tankar yaƙi samfurin T-34 daga wani tafki a Estoniya, bayan ta yi shekara 56 cikin taɓo.

3.0 Hanyoyi Biyu na Adanawa

Masana kayan tarihi sun rabu gida biyu. Kashi na farko na ganin a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta. Akan fara da karanta lambobin da aka buga a jikin ƙarfenta, don a san shekarar ƙirarta. Daga nan sai a wargaza ta, a kankare tsatsa, a gyara inji da giya da birki, a sake wayoyi da tayoyi, sannan a shafa mata fenti irin na asali. Haka aka yi wa tankar Jamus mai suna Tiger 131, wadda sojan Ingila suka kama a Tunisiya a 1943. Gidan tarihi na Bovington ya yi aikinta daga 1990 zuwa 2003, har ta sake tafiya da kanta. Sai dai injin da ke cikinta ba shi ne nata na asali ba.

Kashi na biyu kuwa na ganin a bar mota yadda aka same ta, a hana ta ƙara lalacewa kurum, domin kowace lotsawa da kowane hujin harsashi shaida ce. A kan wannan ra'ayi ne aka ajiye wata babbar motar Chevrolet ta sojan sintirin hamada, wadda aka gano a hamadar Masar a 1980, a gidan tarihin yaƙi na Landan, da tsatsarta. Ke nan gyara yakan dawo da motsi da ƙara, amma yakan shafe wani ɓangare na shaida.

4.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. A 1985 aka kafa Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a Umuahiya, inda aka tara motocin sulke na Yaƙin Basasa (1967–1970), har da waɗanda 'yan Biyafara suka ƙera da kansu da falankin ƙarfe. Daɗin daɗawa, motar Mercedes-Benz da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Legas, da hujojin harsashinta. Abin lura shi ne, duk wuraren biyu suna Kudu, alhali kuwa 'yan Arewa masu ɗimbin yawa ne suka yi yaƙin Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Sa'adu Zungur ya tarba da waƙarsa “Maraba da Soja”.

5.0 Tambuwal da Kebbe

Tambuwal tana bisa babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, Kebbe kuwa ƙasar noma ce da ke kudu da ita. A irin waɗannan wurare mota ba ta yin ritaya, ko ta soja ce ko ta 'yan kasuwa. Bakanike zai yi ta lallaɓa ta har ta gaza, sannan a raba gadonta. Maƙeri ya ɗauki sifirin ya ƙera fartanya da adda, manomi ya ɗauki ƙafafun ya haɗa amalanken shanu, mai zubin tukwane ya narka alminiyon, abin da ya rage kuwa 'yan gwangwan su auna a sikeli. Wannan hikima ce ta tattali, amma ita ce ke cinye shaidar tarihi. Abin takaici, yanayin ƙasar mai taimako ne, domin ƙarancin raɓa yana jinkirta tsatsa. Rana da gara ne ke cin roba da katako.

Inda ƙarfe ya salwanta, harshe ya riƙe amana. Bahaushe ya ari “jif” da “tanka” daga Ingilishi, tare da “bariki” da “kofur” da “samanja”. Amma da ya ga mota mai rigar ƙarfe, sai ya koma ga yaƙin dawaki ya kira ta “motar sulke”. Watau ya fahimci sabon abu da ma'aunin tsoho.

6.0 Kammalawa

Fiye da shekara 80 ke nan da ƙarewar Yaƙin Hitila, kuma mazan jiya na Yaƙin Basasa su ma tsufa ya cim musu. Saboda haka aikin da ke gaban ɗaliban al'ada da malaman makarantu na Tambuwal da Kebbe ba ya jiran gobe. Ya kamata a zaga garejoji da maƙeru da harabar tsofaffin ma'aikatu, a ɗauki hoton duk tsohuwar motar da aka samu, a rubuta lambobinta, a kuma naɗi bayanin direbobi da kanikawa da iyalan tsofaffin sojoji. Wadda aka tabbatar da asalinta, sai a sanar da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Idan kuwa aka ci karo da wani abu mai kama da harsashi ko bam, to, ba a taɓa shi, sai a kira hukuma. Hausawa na cewa gani ya kori ji: ɗalibin da ya dafa motar da kakansa ya hau zuwa fagen fama, ya fi wanda aka ba labari fahimtar tarihi.