Birki Da Batir A Motar Rimot Bayan An Cire Mata Injin Mai

Motocin rimot na tsere, waɗanda girmansu ɗaya bisa takwas ne na motar gaske, sun daɗe suna shan mai. Ɗan injinsu mai cc 3.5 yana ƙona haɗin metanol da nitrometan, kuma a gasar duniya ta hukumar IFMAR sai an yi awa guda cur ana fafatawa a zagayen ƙarshe. Amma daga wajajen 2008, a Amurka da Turai, masu wannan sha'awa suka shiga kwance injin suna ɗaura na lantarki. Kamfanonin Tekno RC da Novak suka fito da kayan sauyin, Castle Creations kuma ta kawo na'urarta mai sarrafa gudu, Mamba Monster.

Injin mai yana da ƙara mai damun maƙwabta, kuma kafiretonsa ba ya zama wuri ɗaya: zafi ya ƙaru a sake saiti, sanyi ya sauko a sake. An jima ana haƙuri da wannan don babu madadi. Abin da ya sauya lissafi shi ne haɗuwar injin lantarki mara burushi da batirin LiPo, wanda kowane gidansa ke ba da bolt 3.7, alhali tsohon NiMH 1.2 kawai yake bayarwa.

Sai dai wahalar ba ta tafi ba, wajen waya ta koma. Motar wannan aji tana son gida huɗu, wato bolt 14.8. Da yawa sukan haɗa batir biyu masu gida bibbiyu, a ɗauki jar wayar ɗaya a kai wa baƙar ɗayan, ragowar biyun su tafi na'urar ESC mai sarrafa gudu. Dole batiran su zama ƙarfi ɗaya, tsufa ɗaya, caji ɗaya. In ɗaya ya riga ɗan'uwansa ƙarewa, ESC jimillar take gani, ba za ta yanke wuta da wuri ba, sai gidan ya faɗi ƙasa da bolt 3 ya kumbura. Batirin da ya kumbura kuwa gobara yake jira.

Birki ne ya fi raba kan mutane. A motar mai, sarbo ɗaya, wato ɗan injin da ke motsi da umarnin rimot, ke jan totur, in ya juya baya ya matse faifan birki a gefen giyar tsakiya, kuma direba na iya raba ƙarfin kamu tsakanin tayoyin gaba da na baya. Da an cire injin, mafi sauƙi a bar ESC ta riƙa tsayar da motar da injin kansa. An rage nauyi, an rage tarkace, amma rabon gaba da baya ya tafi, zafin tsayawar kuma injin da ESC ne za su sha shi.

Wanda ya ƙi rabuwa da faifan yana da aiki a gabansa. Zai kashe birkin ESC, ya saka sarbon a layi na uku na risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, ya saita rimot yadda ba zai motsa ba sai an taka birki. Wasu kan raba layin totur gida biyu da waya mai reshe, amma a nan sarbon yakan motsa ko ana ba da wuta. Ga kuma abin da ake yawan mantawa: sarbo biyu, na sitiyari da na birki, suna jan wuta daga 'yar bolt 6 da ESC ke ba risiba. A kwana, lokacin da dukansu ke aiki, wutar kan yi ƙasa risiba ta ɗauke. Masu saka wa risiba ƙaramin batir na kanta don maganin haka sai sun zare jar wayar da ke fitowa daga ESC, kada wuta biyu su yi karo.

A ganina, wannan ɗawainiya ta cancanci ɗan tseren da ke gudu a ƙasa mai santsi, inda rabon birki ke hana mota juyawa. Ga mai wasa a fili, birkin injin ya ishe shi. Kasuwa ma can ta karkata: da kamfanoni suka fara ƙera motocin lantarki tun daga tushe, da mazaunin batir a jikinsu, yawancinsu ba su zo da faifan birki ba, kayan sauyin kuma suka ja baya.