Wii: Na'urar wasan da ta taɓa tayar da 'yan gida tsaye a falo

A watan Nuwamban 2006 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wata 'yar farar na'urar wasa mai suna Wii, wadda girmanta bai wuce kwalayen faifan DVD uku an ɗora su kan juna ba. Yaran da suka yi wasa da ita a wancan lokaci yanzu wasu sun yi aure har sun haifi nasu, kuma su ne idan hira ta yi daɗi za ka ji suna cewa, “Kai, ina ma a dawo da zamanin Wii!” Iyaye ma suna cikin masu kewar, musamman idan suka dubi yaran yanzu, kowa ya duƙufa a kan waya kamar an dasa shi a kujera.

Ga wanda bai san ta ba, sauran na'urori irin su PlayStation da Xbox zama ake yi a riƙe abin sarrafawa da hannu biyu, manyan yatsu ne kawai ke aiki. Ita Wii sai ta zo da wani abu mai kama da rimot ɗin talabijin. A cikinsa akwai ɗan mitsitsin ma'auni da ke jin motsin hannu da saurinsa, a goshinsa kuma akwai ƙaramar kyamara da ke hango wasu fitilu a cikin 'yar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin. Hasken fitilun irin wanda idon mutum ba ya gani ne. Ka kaɗa hannu, ɗan mutumin da ke cikin allo ya kaɗa nasa. Masu wayo ma sun gano cewa idan sandar ta lalace, kyandir biyu da aka kunna a gaban talabijin suna iya maye gurbinta, domin harshen wuta yana fitar da irin wannan hasken. Dabarar tana aiki, amma ni dai ban yarda a kunna kyandir a ɗakin da yara ke kai naushi a iska ba.

Shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, wanda ya rasu a 2015, ya sha bayyana cewa burinsa shi ne a jawo mutanen da ba su taɓa wasan gem ba. Haƙarsa kuwa ta cim ma ruwa, domin an sayar da Wii fiye da miliyan 101 a duniya. Faifan Wii Sports da ake haɗo ta da shi a yawancin ƙasashe ya kusa kaiwa miliyan 83. Wasanni biyar ne a ciki: tanis, da dambe, da golf, da besbol, da bolin, wato wasan mirgina ƙwallo mai nauyi ta kayar da wasu 'yan kwalabe goma.

A nan Najeriya ba ta yi farin jinin PlayStation ba. Gidajen gem na unguwa ƙwallon ƙafa ce kasuwarsu, ga shi Wii tana buƙatar filin da mutum zai miƙe hannu ba tare da ya mari na kusa da shi ba. Saboda haka ta zama abin cikin gida, ko dai tsarabar wani ɗan uwa daga Ingila ko Dubai, ko ta hannu da aka sayo a kasuwa. Ga iyalan da ke zaune a gidajen haya na Legas ko Ibadan ko Abuja, inda babu tsakar gida balle a yi langa ko 'yar gala-gala, kuma ba a sakin yaro ya fita titi, falo shi ne filin wasa. A ture teburin tsakiya gefe, a bi layi. Yara su zana fuskar Baba a cikin na'urar da gemunsa da tabaransa, kowa ya yi ta dariya. Umma da ta ce ita ba ruwanta da shirme sai ga ta ta ɗaura zani da kyau tana jifan kwalabe, Kaka da ta zo ganin jikoki tana daga gefe tana ba da umarni. Ba a cika samun wasan da ɗan shekara shida da 'yar shekara sittin za su kara, kuma kowa na iya cin kowa ba.

To amma shin motsa jiki ne na gaske? A nan ne kewa da bincike suka ɗan raba hanya. A ƙarshen 2007 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani ƙaramin bincike da aka yi a birnin Liverpool na Ingila a kan yara 11 masu shekara 13 zuwa 15. An auna ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin tanis da dambe da bolin na Wii, aka kwatanta da wasan tseren mota da ake yi a zaune. Wii ta fi, babu shakka, amma ta yi ƙasa sosai da ainihin wasannin, kuma masu binciken sun ce ba ta kai matsayin da za a lissafa ta cikin motsa jikin da yaro ke buƙata kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na birnin Houston a Amurka da aka buga a 2012. An ba yara 78 masu shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii su tafi da ita gida. Wasu aka ba su wasannin motsi, wasu na zama, aka ɗaura masu ma'aunin motsi a ƙugu, aka bi su na kimanin wata uku. Da aka duba, babu bambanci tsakanin rukunin biyu. Duk uwar da ta taɓa lura ba za ta yi mamaki ba. Cikin 'yan kwanaki yaro ke gane cewa na'urar ba ta san ko a tsaye yake ko a kwance ba. Ya mimmiƙe a kan kujera, ya ɗan karkaɗa wuyan hannu, ƙwallo ta tafi.

Haka aka gani a ɓangaren masu shanyewar ɓarin jiki. Asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a ƙasashe da dama sun rungumi Wii don dawo da ƙarfin hannu. A 2016 aka buga sakamakon gwaji a kan majinyata 141 a Kanada da Ajantina da Peru da Tailan. Dukansu suna samun gashi da motsa gaɓɓan da aka saba, sai aka ƙara wa rabi Wii, rabi kuma aka ƙara masu wasanni masu sauƙi irin su karta da jefa ƙwallo. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma Wii ba ta fi ba. Wannan labari ne mai daɗi ga mai ƙaramin ƙarfi da ke jinyar mahaifi ko mahaifiya a gida. Maimaita motsi ne ke aiki, kuma mutum ya fi maimaita abin da ke ba shi nishaɗi. Ludo ko dara tare da jikoki na iya taimakawa, matuƙar likitan gashi ya amince da irin motsin.

Duk da haka ban ga dalilin raina ta ba. A kemis kullum ina haɗuwa da mata masu hawan jini da ciwon suga waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki, amma babu inda za su taka. Titi babu gefen masu tafiya, ga 'yan acaba, ga rashin tsaro, wurin motsa jiki na kuɗi kuma ko da hali ba kowace ce za ta sake a cikinsa ba. Ga irin wannan baiwar Allah, minti 20 a tsaye tana dambe da 'yarta a falonta, ƙofa a rufe, ya fi minti 20 a zaune nesa ba kusa ba. Sharaɗin dai shi ne a yi a tsaye, da dukan jiki, har a ji gumi. Mai shan insulin ko maganin suga irin glibenclamide kada ta fara da yunwa, domin suga na iya faɗuwa.

Akwai kuma abin da ma'aunin ƙugu ba ya aunawa. Allo ɗaya ne a tsakiyar gida, iyaye suna ganin abin da ake yi, kuma sai an jira layi. Wasan yana da ƙarshe: hannu ya gaji, ko batir ya mutu, ko a ɗauke wuta a watse. Waya kuwa yaro na shiga da ita har cikin bargo, kuma an ƙera manhajojinta ne don kada a ajiye. Ga ƙananan yara ma, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Waɗanda suka mallaki Wii Fit, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2007, za su tuna farin allon da ake takawa yana auna nauyi da daidaiton tsayuwa. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya samo tunanin ne daga ɗabi'arsa ta auna nauyinsa kullum. Allon yana lissafa nauyi da tsawo ya yanke hukunci, har ya kumbura cikin ɗan hotonka a gaban kowa idan ya ga ka yi ƙiba. Babba zai iya dariya ya wuce. Yarinya mai tasowa da 'yan uwanta suka yi wa dariya ba lallai ta manta ba, kuma jikin yaro yana canzawa da sauri, na'urar wasa ba ta isa ta ce ya yi ƙiba ba. A bar wa asibiti wannan.

Rauni ma an samu. Wata guda da fitowarta kamfanin ya sanar da musanya igiyoyin hannu kimanin miliyan 3.2 da masu kauri, bayan rimot ya yi ta suɓucewa yana fasa talabijin. A 2007 wani likita ɗan ƙasar Sifen, Julio Bonis, ya rubuta wa mujallar New England Journal of Medicine labarin ciwon kafaɗar da ya tashi da shi bayan ya daɗe yana tanis a Wii. Jijiyar kafaɗa ce ta kumbura, ya warke da ibuprofen na mako guda da hutawa daga wasan. A filin gaske gajiya da tsintar ƙwallo suna tilasta hutu, a falo kuwa sai a yi ta kai duka ɗaruruwa babu tsayawa. A nan zan ja kunne, domin an mayar da ibuprofen da diclofenac kamar alewa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, da mai juna biyu, da mai asma, kada su sha sai sun tambayi likita ko mai harhaɗa magani, kuma ba a haɗa biyun a lokaci guda. Yawancin irin wannan ciwo hutu da ɗora ƙanƙara a cikin tsumma da parasitamol sun isa. Idan ya wuce mako biyu, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, a je asibiti. Yaron da ke da farfaɗiya kuma a tuntuɓi likitansa tukuna, saboda walƙiyar allo tana tayar wa wasu.

Tun 2014 aka rufe wasa ta intanet a Wii, shagonta na sayen wasanni kuma a watan Janairun 2019, amma faifai suna aiki yadda suke. Akwai magajinta, Nintendo Switch Sports na 2022, ga mai hali. Wanda tasa ke ajiye a kwali, ko yake shirin sayen ta hannu, ya fara duba abin da aka rubuta a jikin adafta. Wadda aka yi don Amurka ta wuta 120 ce, tamu kuwa 230, idan aka jona kai tsaye za ta ƙone. Faifan Amurka kuma ba ya aiki a na'urar Turai. Sannan a buɗe bayan rimot. Batirin da ya shekara a ciki yakan zubo da wani farin gari mai cin fata, a goge shi da safar hannu, kada ya taɓa ido. A jikin na'urar kanta akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo a bayan wani murfi mai kusa. Idan an canza shi a jefar da tsohon inda mai rarrafe ba zai kai ba, domin idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa biyu, kuma asibiti ake nufa nan take ko da bai nuna alamar komai ba. Igiyar rimot ɗin ma a ja ta a gani kafin a miƙa wa yara, zaren da ya kusa shekara 20 a kwali ba abin dogaro ba ne.