Wace Rawa Sabon Shiga Zai Fara Da Ita?

Tun da aka kafe sanarwar ɗaukar sababbin 'yan ƙungiyar raya al'adu, tambaya ɗaya ake ta yi mana, musamman ƙannenmu 'yan aji ɗaya: wace rawa zan shiga? Kusan duk wanda muka tambaya abin da yake so sai ya ce Koroso. Mun ga ya dace mu baje bayanin a allo kafin a rufe rubuta suna, domin wanda ya zaɓa da ka yakan gudu kafin zango ya raba, ya bar abokan rawarsa da giɓi ana gab da ranar raba kyaututtuka.

Wani ɗan ajinmu ya nuna mana bidiyo lokacin hutu, Turawa mace da namiji riƙe da juna suna kewaya wani makeken zaure, ya ce me zai hana mu gwada. Irin wannan rawar zaure tana da rassa. Akwai wals, wadda ta yi ƙarfi a birnin Biyana na Ostiriya, kiɗanta bugu uku-uku ne. Akwai tango da ta fito daga Ajantina a ƙarshen ƙarni na 19, da samba ta Barazil, da ca-ca-ca ta Kyuba. A Ingila ma tun 1920 ake taron gasarta a garin Blackpool. Amma dukkansu a kan rungumar mace da namiji aka gina su, kuma ba mu san uban da zai sa hannu a takardar izini don wannan ba, daga Birnin Kudu har Gwaram. Abu ɗaya dai muka tsinta a wurinsu: masu koyarwa sukan fara wa sabon shiga da rawa mai tafiya a hankali, mai taku kaɗan, sai kunnensa ya saba da kiɗa a ƙara masa mai wuya. Wannan dabara ta yi daidai da namu raye-rayen.

Mu dawo kan Koroso. Gaskiya tana da daɗin kallo, ga amon akayau a ƙafa, ga sarewa tana tashi, kuma ƙungiyar Kano ta fito da sunanta a bukukuwan al'adu na ƙasa. Sai dai abin da 'yan kallo ke yi wa tafi, wato alkafura da lanƙwasa jiki da ɗaga abokin rawa sama, ba aikin wata ɗaya ba ne. Akayau ɗin kansa ɗan tonon asiri ne. Idan mutum goma suka taka tare, amo ɗaya ake ji. Ƙafarka ta makara da ƙiftawar ido, kowa a filin zai san kai ne. Bara wani ɗan uwanmu ya gwada alkafura a kan dandaɓen siminti ba malami a wurin, ya gurɗe a wuyan hannu, da hagu ya ƙarasa rubuta jarrabawa. Saboda haka wanda ya nace sai Koroso, ya yarda zai yi makonni yana koyon taku kawai, a kan yashi, ba tsalle ba juyi.

A ganinmu takkai ta fi dacewa da yaro namiji sabon shiga. Da'ira ake yi, kowa da 'yar sandarsa, ka buga da na gabanka, ka juya ka buga da na bayanka, daidai da faɗuwar ganga. Takunta ba yawa, ba ta cin kuɗin kaya, kuma tana koya wa mutum ƙirga kiɗa ko bai so ba, don in ya yi sakaci yatsunsa ne za su sha sanda. Wanda ya ƙware a takkai, idan ya koma Koroso daga baya ba ya wahala.

Rawar 'yan hoto kuwa, wadda ake cilla garma sama a cafe ana kiɗan gangar noma, a bar wa manya. Mu 'ya'yan manoma ne, mun san nauyin garma da kaifinta. Mai sha'awa ya fara da ta katako.

'Yan mata sun fi mu sa'a, domin yawancinsu da jarinsu suka zo. Wadda ta yi gaɗa a dandali ta riga ta iya tafi a kan ƙa'ida, ta iya amshi, ta kuma san yadda ake sakin jiki a faɗa baya ƙawaye su tare. Daga nan zuwa rawar kalangu ko ta kiɗan ƙwarya tazarar kaɗan ce. Rawar Fulani ma tana karɓar sabuwar shiga, ga ta ba baƙuwa ba ce a wannan yanki da rugage suka kewaye mu. Sai dai a yi lissafin kaya tun da wuri: farin saƙi, duwatsun wuya, ƙwarya da faifai. A tambayi malama abin da ke cikin akwatin ƙungiya kafin a je a ɗora wa iyaye saye.

Ga gwajin da muke ba kowa shawara ya yi. Ranar atisaye ka tsaya gefe, ka bi kiɗan da tafi kawai har a gama waƙa ɗaya. In hannunka ya zauna a kan bugun ba ka ɓata ba, ƙafarka ma za ta iya. In kana ta gaba da baya, nemi mai sanyi tukuna. In kuma kunnenka na da kyau amma kunya ta hana ka shiga fili, ƙungiya na neman makaɗa fiye da yadda take neman 'yan rawa. Kiɗa dai ba baƙo ba ne a nan. A duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950.

Sauran magana ta gida ce. Akwai iyayen da ba sa son ɗansu ya yi rawa kowace iri, kuma suna da hujjarsu. Kada wanda ya shiga a ɓoye. A gaya musu wace rawa ce, maza daban mata daban, da lokacin da ake tashi. In sun ce a'a, ƙungiyar muhawara da tamu ta 'yan jarida ƙofarsu a buɗe take. 'Yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO kuma, mu dai da za a bi tamu, su tsaya a koya wa ƙanne.

Ana rubuta suna wurin malamin Hausa har zuwa ranar Alhamis bayan tashi. A zo da takardar izinin iyaye, masu takkai kuma kowa ya taho da sandarsa, kada ta wuce kamu ɗaya.