Azumanga Daioh: 'Yan Makarantar Da Suka Ba Japan Dariya Shekara Uku, Sa'an Nan Suka Yi Sallama

Daga Wakilinmu

Wata malamar makaranta ce ta makara da safe, ga shi kuwa ranar farko ce ta sabuwar shekarar karatu. Tana cikin sheƙa gudu a kan keke sai sarƙa ta zame. Wani ɗalibi da ya zo wucewa ya ji tausayinta, ya sauka daga nasa keken, ya durƙusa yana gyara mata. Kafin ya ɗaga kai malama ta haye kekensa ta yi gaba. Da ta isa makaranta kuma sai ta faɗa ajin da ba nata ba, ta yi ta zuba bayani har sai da aka tunasar da ita.

Da wannan abin dariya ne aka buɗe majigin Azumanga Daioh, wanda aka nuna a telebijin na ƙasar Japan cikin shekarar 2002. Asalinsa labari ne na zane, irin wanda mutanen Japan ke kira manga, watau labarin da ake bayarwa da hotunan da aka zana da hannu tare da 'yar gajeriyar magana. In kuwa aka mai da zanen ya zama mai motsi da murya, sai su kira shi anime. Labarin ba shi da yaƙi, ba shi da mugu, ba shi da soyayyar da ake bi har a kai ga aure. 'Yan mata shida ne da malamansu a wata makarantar sakandare ta birnin Tokiyo. Amma duk da haka, fiye da shekara 20 bayan ƙarewarsa, ana ci gaba da karanta shi a ciki da wajen Japan. Dalilin haka shi ne abin da za mu duba.

GIDA HUƊU

Mai zanen shi ne Kiyohiko Azuma, wanda aka haifa a shekarar 1968. Ya fara buga labarin a 1999 cikin wata mujalla mai fitowa wata-wata, mai suna Dengeki Daioh, ta kamfanin MediaWorks, ya kuma kammala shi a 2002. Daga baya aka tara shi cikin littafi 4. Sunan kansa ma wasa ne da kalmomi, gama an haɗa sunan Azuma da kalmar manga, aka ƙara da rabin sunan mujallar.

Yawancin labarin an zana shi ne bisa wani tsohon tsari da ake kira yonkoma, ma'ana gida huɗu. Ana jera hotuna huɗu daga sama zuwa ƙasa. Gida na farko ya kawo magana, na biyu ya ja ta, na uku ya karkatar da ita zuwa inda ba a zata ba, na huɗu ya rufe. Jaridun Japan sun daɗe suna buga irin wannan zane. Mafi shahara a cikinsu shi ne Sazae-san na wata mata mai suna Machiko Hasegawa, wanda ya fara fitowa a 1946, aka kuma fara nuna majiginsa a 1969.

To, a nan ne Azuma ya bambanta da magabatansa. A cikin majigin Sazae-san ba mai tsufa. Yaron da ke firamare a farkonsa yana nan a firamare bayan shekaru masu yawa, kamar an ɗaure rana da igiya. Shi kuwa Azuma sai ya bar kalanda ta yi aikinta. Kowane babi yana ɗauke da sunan wata, daga Afrilu a zagayo zuwa Maris, 'yan matan kuma suna hawa aji kamar yadda ɗaliban gaskiya ke hawa. Tun ranar da suka shiga makaranta mai karatu ya san shekara uku kaɗai gare su.

SU WANE NE A AJIN?

Ta farko ita ce Chiyo Mihama, yarinya 'yar shekara 10 wadda saboda kaifin ƙwaƙwalwa aka ɗauke ta daga firamare aka kai ta babbar sakandare. Wannan ƙirƙira ce ta marubucin, domin tsarin ilmin Japan bai yarda da irin wannan tsallake ba. Yaro yana yin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, tare da sa'o'insa. Chiyo ta fi kowa maki, har manya na kwafar aikin gida daga wurinta, amma ranar wasannin motsa jiki ita ce ta baya, tana fargabar kada ta jawo wa ajinsu faɗuwa.

Sai Ayumu Kasuga, wadda ta yi ƙaura daga birnin Osaka. Mutanen Tokiyo suna ɗaukar mutanen Osaka a kan masu surutu da zafin nama da son raha. Ita kuwa wannan baiwar Allah sanyi gare ta, ga barci a aji, ga tunani mai bin hanyar da ba kowa ke bi ba. Duk da haka aka laƙaba mata suna Osaka, sunan kuma ya bi ta har aka manta na yanka. Wadda ta laƙaba mata shi ita ce Tomo Takino, sarauniyar rawar kai, wadda ta taɓa fizge mabuɗin gidan hutun su Chiyo ta wurga cikin ciyawa don kawai ta ga abin da zai faru. Mai taka mata birki ita ce ƙawarta tun ƙuruciya, Koyomi Mizuhara, da ake kira Yomi, mai tabarau da natsuwa, mai fama kullum da rage ƙiba. Akwai kuma Kagura, gwanar iyo, wadda ta shigo ajin a shekara ta biyu. Ita da Tomo da Osaka su ne kurar baya a jarrabawa, har wata rana suka haɗa makinsu su uku wai don su kamo na Chiyo.

Ta shida ita ce Sakaki, doguwa, marar yawan magana, wadda ɗalibai ke shakka saboda kwarjininta. Ba su sani ba kunya ce ke damunta, kuma ba abin da take so a duniya kamar kyanwa. Sai dai duk lokacin da ta miƙa hannu za ta shafa wata kyanwa mai ruwan toka da ke unguwarsu, sai ta gantsara mata cizo. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Malamar ajin ita ce mai keken nan, Yukari Tanizaki, mai koyar da Turanci, wadda tuƙin motarta ya bar Chiyo da firgita. Abokiyarta Minamo Kurosawa, malamar motsa jiki, ita ce mai hankalin cikinsu. Akwai kuma wani malami mai suna Kimura, wanda ake nuna rashin kamun kansa game da ɗalibai mata a matsayin abin dariya. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi shan suka, sukar kuwa tana kan hanya, gama abin da zai hana yarinya sakewa a makaranta bai cancanci raha ba.

SHEKARAR KARATU A JAPAN

Wanda ya bi labarin daga farko zuwa ƙarshe zai fahimci yadda makarantar Japan take. Shekarar karatu tana farawa a watan Afrilu, ta ƙare a watan Maris. Akwai dogon hutu a lokacin zafi, akwai ranar wasanni, akwai bikin al'adu inda kowane aji ke shirya abin da zai nuna wa baƙi, akwai kuma tafiyar buɗe ido ta 'yan aji. Azuma yakan dawo kan waɗannan abubuwa kowace shekara, amma ba su taɓa zuwa iri ɗaya ba, domin yaran sun ƙara wayo, sun kuma ƙara sanin halin juna.

Tafiyar buɗe idon ta kai su Okinawa, can kudancin ƙasar. Daga nan suka ƙetara zuwa tsibirin Iriomote, inda ake samun wata kyanwar daji da babu irinta ko'ina a duniya, wadda aka ƙiyasta saura kamar 100 kawai, motoci kuma na cikin abubuwan da ke hallaka su. A can ne ɗan wannan kyanwa ya fito daga kurmi ya yarda Sakaki ta shafa shi, bai cije ta ba. Ta sa masa suna Maya. Wanda ya yi shekara biyu yana dariyar cizon da take sha, a nan sai ya ji dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro. Daga baya mota ta kashe uwar, ɗan kyanwar ya biyo sawu har Tokiyo, Sakaki kuwa ta kama hanyar zama likitar dabbobi. Mahaƙurci mawadaci.

DAGA TAKARDA ZUWA MAJIGI

Mai da zane mai gida huɗu ya zama majigi ba ƙaramin aiki ba ne, domin abin da ake karantawa cikin daƙiƙa goma ba zai cika rabin sa'a ba. An fara gwaji da wani ɗan guntu da aka sa a intanet a shekarar 2000, sa'an nan aka yi wani na minti shida da aka nuna a gidajen silima a 2001. Cikakken majigin ya fito daga kamfanin J.C.Staff a ƙarƙashin jagorancin Hiroshi Nishikiori, aka nuna shi a tashar TV Tokyo daga Afrilu zuwa Satumba na 2002. Kashi 26 ne, kowane kashi kuma an raba shi gida biyar, watau guntaye 130 ke nan.

Dabarar da masu aikin suka yi ita ce ba su ji tsoron shiru ba. A takarda, mai karatu ne ke tsayawa tsakanin gida na uku da na huɗu. A majigi kuwa sai aka bar hoton ya tsaya, Osaka ta saki baki tana tunani, kiɗa mai laushi yana tafiya, har mai kallo ya fara dariya tun ba a ce kome ba. Wasu masu kallo sun ga abin ya yi jinkiri, amma wannan jinkirin ne ya zama tambarin majigin.

RANAR RABUWA

A shekara ta uku sai inuwar jarrabawar shiga jami'a ta rufe ajin. A Japan wannan jarrabawa, wadda ake yi a farkon shekara cikin tsananin sanyi, tana da nauyi ƙwarai, har suna yi wa lokacinta laƙabi da azabar jarrabawa. Iyaye na biyan kuɗin makarantun yamma don ƙarin darasi, wanda ya faɗi kuma yakan zauna shekara guda yana shirin sake gwadawa. Azuma bai ɓoye wannan ba. Abin mamaki, Tomo da Osaka da ake wa dariya suka sami gurbi, Yomi mai ƙwazo ita ce ta yi ta faɗuwa, ba ta ga sunanta ba sai a jarrabawar ƙarshe, bayan an riga an yi bikin sallama. Chiyo kuwa ta zaɓi tafiya Amurka karatu.

Nan labarin ya tsaya. Yana cikin tashensa, majiginsa na shirin fitowa, kasuwa ta buɗe, amma Azuma bai bi 'yan matan zuwa jami'a ba, bai kuma mai da agogo baya don su maimaita aji ba. A 2003 ya koma kan wani sabon labari mai suna Yotsuba&!, game da wata 'yar ƙaramar yarinya da mahaifinta. Ko a 2009, lokacin da kamfanin Shogakukan ya sake buga Azumanga Daioh cikin littafi 3 don cikarsa shekara 10, ƙarin shafukan da ya zana duk a cikin waɗannan shekaru uku na makaranta ya saka su.

Bayansa an sami labarai da yawa masu bin wannan hanya, irin su Lucky Star, wanda aka yi majiginsa a 2007, da K-On! a 2009, har abin ya zama wani fanni mai zaman kansa na labaran zaman yau da kullum. An kuma fassara littafin da majigin zuwa Turanci, suka sami masoya a Amurka da sauran ƙasashe.

A ƙasar da ake auna ɗalibi da makin da ya ci, Azuma ya cika littafi huɗu da abubuwan da ba a rubutawa a takardar sakamako: hirar lokacin cin abinci, aron littafin aikin gida, sunan tsokana da ya bi mutum, tafiya gida tare bayan an tashi. Mai karatu ya yi ta dariya yana tsammanin ba abin da ke faruwa, sai ranar sallama ya tarar ashe kwanakin ne ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a benci ɗaya da wani shekara da shekaru, aka wayi gari kowa ya kama gabansa, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari.