Idan bugun zuciya ya yi ƙasa

Jama'ar Zongon Lome da masu ƙetare iyakar Aflao, zuciyar baligi kan buga sau 60 zuwa 100 a minti. In ta sauka ƙasa da 50, ga jiri ko suma, to fa sai asibiti, kamar Sylvanus Olympio a Tokoin.

Maganin farko allurar atropine ce ta jijiya, ana maimaitawa bayan minti 3 zuwa 5. In ba ta ci ba, sai adrenaline ko dopamine cikin ƙarin ruwa, ko na'urar daidaita bugu.

Wani lokaci sanadin ƙwayar hawan jini ce irin atenolol, ko maganin kaskar shanu da ya shiga jiki. Ku tafi da kwalin ko kwalbar likita ya gani. Ban da ƙwayar kasuwa.