Makullin Ruwa Idan Ya Gaza

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, inda ake ɗumama ɗakuna da ruwan zafi mai zagayawa cikin bututu, akwai wani bawul mai ɗan injin lantarki a kansa, wanda aikinsa shi ne ya sakar wa wannan sashen gida ruwa ya hana wancan. Ranar da ya ƙi aiki kuwa, sai na bene su kwana cikin ɗumi na ƙasa suna makyarkyata. Mu a Horo Birni, inda zafin bazara a watan Afrilu kan haura digiri 40, ba mu da hajar ɗumama gida in ban da kaskon wuta a hunturu. Amma tun da rijiyoyin burtsatse da tankunan sama suka yawaita a ƙasar Shagari da Boɗinga, mas'alar ta iso mu ta wata ƙofa, domin duk bututun da ya sauko daga tanki ya nufi masallaci, ko makaranta, ko cikin gida, yana da makullinsa, kuma shi ne farkon abin da kan gaza.

Makullan iri biyu ne. Akwai na tagulla mai kai kamar faifai, wanda ake murɗawa sau da yawa kafin ƙofar cikinsa ta sauka. Akwai kuma mai hannu, wanda ƙwallo mai huda ke cikinsa, juyi ɗaya ya isa. Yashin da burtsatse ke turowa shi ke karce cikinsu har su daina rufewa ruf, rana kuma ta gasa na roba har ya yi fari ya karye a hannun yaro.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaure makullin da ke yoyo da tsumma ko robar taya, a bar shi wata da watanni, alhali ɗigo ɗaya a kowane sakan kan kai kimanin jarka guda mai lita 20 a yini da dare. Malaman fiƙihu sun karhanta israfin ruwa ko a wajen alwala, balle ruwan da wani bawan Allah ya haƙa domin sadaka mai gudana, wanda amana ne a wuyan jama'ar da ke sha.

Kafin a sayi sabo, wajibi ne a binciki illar. Su can Turawa sau da yawa injin kan ne kaɗai ke mutuwa, a musanya shi ba tare da an zubar da ruwa ba. Haka nan na tagulla, idan ta wuyansa yake tsatsafa, galibi ɗan matse notin da ke ƙarƙashin faifan ya wadatar. Amma idan an rufe shi ruwa bai fasa wucewa ba, ko jikinsa ya tsage, to, babu makawa sai canji.

Mai gyaran famfo da ya san sana'arsa zai fara rufe babban makullin gindin tanki, ya buɗe famfon da ya fi kowane ƙasa har bututu ya tsiyaye, sannan ya kama bututun da sifana ɗaya ya kwance da ɗaya, don kada murɗawar ta tsaga mahaɗin da ke cikin bango. Sabon ya zama awonsu ɗaya da tsohon, rabin inci ko inci guda. Zai goge zaren bututun, ya naɗa masa farin tef ta fuskar da makullin zai shiga, domin wanda aka naɗa a baibai yakan warware. In bututun roba ne mai gam, sai an yanke shi. A nan ina ba da shawara a ƙara kuɗi kaɗan a sa mahaɗi mai kwancewa, saboda gyaran gaba kada ya sake bukatar zarto. A bar gam ya kama sosai, a saki ruwa sannu a hankali har iska ta fita, sannan a shafa busasshen yatsa a kowane mahaɗi. In ya fito da danshi, a rufe a sake ɗauri kafin a mayar da ƙasa, in a binne bututun yake.