Yadda Cibiyar Juya Kira Ke Gano Mai Wayar Salula

A tarho irin na da, kowace lamba tana da igiyarta wadda ta ƙare a wani gida ko ofis. Lambar salula kuwa bin mutum take yi duk inda ya sa ƙafa. Saboda haka tilas cibiyar juya kira ta fara gano inda yake kafin ta sada shi da mai nemansa.

A tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Finland a 1991, ya iso Nijeriya a 2001, rajista biyu ake ajiyewa. Akwai rajistar gida, inda bayanin layi yake dindindin, har da cibiyar da yake ƙarƙashinta a lokacin. Akwai kuma rajistar baƙi, wadda kowace cibiya ke riƙewa domin wayoyin da suka shigo yankinta, kamar yadda fatoma ke sanin fataken da suka sauka gidansa. Idan kira ya zo, sai a tambayi rajistar gida, ita kuma ta karɓo lambar wucin gadi daga ta baƙi, a bi da kiran ta kanta. Sa'an nan turakun sadarwa na yankin su yi cigiya, wayar ta amsa.

Wuyar aikin tana ga matafiyi. Wayarsa ba ta fasa auna ƙarfin turakun da ke kewaye, in na gaba ya rinjaya sai a mayar da zancen can ba tare da ya yanke ba. Ko da turken na wata cibiya ne, ta farkon ba ta sakin kiran har a gama magana.